Hular Saƙa da Yawon Arba'in a Lokacin Hunturu

Masu jego da ke kwance a ɗaki da rediyo a gefen gado, kakanni, da ku magidanta da kuka kama hanyar kasuwa, yau zancenmu a kan ɗan baƙon gida ne, jaririn da Allah ya kawo cikin hunturu: me za a saƙa masa, kuma yaya za a fita da shi.

Iskar nan da ke kaɗowa daga arewa maso gabas, tun wajen ƙarshen Nuwamba har cikin Fabrairu, busasshiya ce, kuma da yawan ƙurar da take ɗauke da ita daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta taso. Babba yana jin sanyi ya ja bargo, ko jikinsa ya yi karkarwa ya samar da ɗumi. Sabuwar haihuwa ba ta iya wannan karkarwar yadda ya kamata, ga kitsen jiki kaɗan, ga kai babba idan aka gwada da sauran jiki. Ta kan nan ɗumi mai yawa ke fita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin jikin jariri ya tsaya tsakanin 36.5 da 37.5 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya yi ƙasa, yaro zai yi laushi, ya rage kama nono, ƙarfin da ya kamata ya tafi wajen girma ya ƙare a yaƙi da sanyi.

Don haka kakar da ta ɗauki kwarashi tun cikin 'yarta na wata bakwai ta fara saƙa hula da safa, aikin lafiya take yi, ko da ita kwalliyar jika ta nufa. Ina girmama wannan sana'a ƙwarai. Mata da yawa a cikin gidajensu da ita suke sayen sabulu da littafin 'yan makaranta, kuma mai wayo tun Oktoba take fara tara saiti, hula da riga da safa da shawul, kafin masu barka su fara nema.

To amma, 'yar'uwa mai saƙa, tsaya mu duba zaren. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwanninmu ba gashin tumaki ba ne, zaren roba ne. Ga yadda za ki gane: yanki ɗan guntu, ki fita tsakar gida ki kanga masa ashana. Idan ya narke ya dunƙule ya yi tauri, roba ne. Idan ya ci ya bar toka mai laushi da warin takarda, auduga ne. Idan ya yi ƙaurin gashi, ulu ne na gaske. Na roban ba laifi ba ne, yana da sauƙin kuɗi da sauƙin wanki, sai dai ba ya shan gumi, kuma idan tartsatsi ya faɗa masa narkewa yake ya manne a fata. Saboda haka a fara sa wa yaro 'yar shimi ta auduga, sannan a ɗora ta saƙa a sama, kuma kada a zauna da shi dab da murhu.

Kan jariri a ranar haihuwa kewayensa yana kai wajen santimita 34 zuwa 35, yana kuma ƙaruwa da sauri a watannin farko. A yi hular da ke miƙewa, wadda za ta rufe kunne ba tare da ta bar shaida a goshi ba. Igiyar nan da ake ɗaurewa a ƙarƙashin haɓa, ina roƙonku ku bar ta, tana iya naɗe wuya. Duwatsun ado da ƙananan maɓallai ma haka, ranar da hannu ya fara kai abu baki za su koma haɗari. Safa kuwa, juya ta ki duba ciki kafin ki sa masa. Silin zare ɗaya, ko silin gashin kanki, yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya tsare jini, yaro ya yi ta tsala kuka ana ta neman dalili a ciki da kunne. Duk jaririn da ya ƙi yin shiru, a cire safar a duba yatsu.

Akwai kuma wuce gona da iri. Mun sha ganin jariri da riga uku, ga suwaita, ga tawul, ga bargo, har ba a ganin fuska. Zafin da ya yi yawa ma cuta ne, musamman cikin barci. Kada a gwada da tafin hannunsa ko ƙafarsa, domin su dama sukan ɗan yi sanyi. Zura hannunki ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa. Idan da ɗumi kuma a bushe, ya yi daidai. Idan da gumi, rage ɗaya. Idan ƙirjin ya yi sanyi, kwance rigarki ki manna shi a ƙirjinki, fata da fata, ki rufe ku biyu. Wannan dabara a wani asibitin haihuwa na birnin Bogota a ƙasar Kolombiya aka fara tsara ta a 1978, lokacin da kwalaben saka bakwaini suka yi musu kaɗan, kuma yau ita ake koya wa iyayen bakwaini a asibitocinmu.

Kaskon gawayi a ɗaki rufe, wannan kam a'a. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, tana sa barci ta kashe. Wanka kuma, Inna, a yi haƙuri a ɗaga shi daga asuba zuwa hantsi, a yi shi a gaggauce a inda iska ba ta bugawa, a tsane kai da farko, a shafa man kaɗe ko basilin saboda kaushi. Man zafi da kafur ba na hancin jariri ba ne.

Sai maganar fita. Mai jego ta cika arba'in, an yi kitso an yi lalle, za a koma ɗakin miji, za a zaga dangi a nuna musu yaro su sa albarka. Yawon arba'in zumunci ne, ba na cewa a bari. Amma ku lura, kwana 42 shi ne mako 6 cif, ranar allurar riga-kafi ta farko bayan ta haihuwa, sai ta mako 10 da ta mako 14. Sau da yawa a nan ake samun giɓi: an haihu a garin iyaye, an koma garin miji, katin riga-kafi ya tsaya a jakar kaka. Maigida, wannan aikinka ne. Ka tabbata katin yana cikin kaya, kuma kowace cibiyar lafiya ta gwamnati za ta ci gaba daga inda aka tsaya.

Idan tafiyar ta mota ce, kada a yi sammako. Da asuba sanyi ya fi tsanani, hazo kuma yana rufe wa direba hanya. A bari rana ta ɗaga. Mai jariri ta zauna a baya, ba kusa da direba ba, ba kuma bakin tagar da ba ta rufuwa ba. Mota idan ta cika aka ɗaga gilasai takan ɗauki zafi, to a cire hular da suwaita, a mayar idan an sauka. Shi ya sa rigar saƙa mai buɗewa ta gaba ta fi wadda ake zurawa ta kai amfani a hanya. Mai zuwa Jos ta ƙara shiri, domin garin yana bisa tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin darensa ya fi na Kano da Zariya. A kan babur ko a-daidaita-sahu, a kare fuskar yaro daga ƙura da mayafi mara kauri, a bar masa wurin shan iska, ana leƙawa a kai a kai. Goyo a ƙarƙashin hijabi mai kauri ma a riƙa dubawa.

A tasha za a ce miki leɓensa ya bushe, ki ba shi ruwa. Ki yi godiya, ki ba shi nono. Kafin wata 6 nono ya wadatar da shi har ta fuskar ƙishirwa, ke ce za ki ƙara shan ruwa. A gidajen da za a shiga kuwa, kowa na son ɗauka. Babu rashin kunya idan kika ce wa gwaggo mai mura ta sa albarka daga nesa, sauran kuma su wanke hannu. Ciwon huhu ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, daga tari da atishawa da hannu, hula ba ta tare su.

Ko kuna gida ko kuna hanya, ku ɗaga rigarsa ku kalli ƙirji lokacin da yake kwance shiru, ku ƙirga numfashi na minti ɗaya. Ɗan ƙasa da wata 2, idan ya kai 60 ko ya wuce, ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa 11, iyakar 50 ce. Idan kuka ga haka, ko ƙasan haƙarƙari na lotsawa sosai, ko ya ƙi nono, ko jiki ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko ya fara jijjiga, a katse yawon a nufi asibiti mafi kusa a ranar, ko da gida ɗaya ya rage a shiga.

Lokaci ya cim mana. Allah ya raya mana su, ya ba masu jego lafiyar shayarwa. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu.