Wankin Manifol Da Hannunka: Jawabin Da Aka Gabatar A Taron Wata-Wata

An nemi in ɗan yi bayani a kan sana'ata ta kanikanci, ni kuwa na zaɓi abin da ke cin kuɗinku a ɓoye.

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kowa ya san yadda lita take ciwo. Sau da yawa mutum zai zo gareji ya ce mini, "Malam, motata tana shan mai, tana rawa a silo, ga ta ba ta hawa gada." Ya canja fulogi, ya canja filta, shiru. Sai mu buɗe manifol mu tarar da baƙin dattti kamar kwalta.

To mene ne manifol? Shi ne bututun nan mai rassa da ke tsakanin totur da kan injin. Aikinsa ya raba wa kowace silinda iska daidai wa daida. Hancin mota ke nan. Abu biyu ke toshe shi: tururin baƙin mai da injin ke mayarwa ciki ta ƙaramin tiyo, da baƙin hayaƙin da bawul ɗin EGR ke dawowa da shi daga wajen salansa. In suka haɗu sai su daskare. Motar da ke wuni a gosulon Legas, daga Agege zuwa Mile 12, ta fi saurin kamuwa, musamman mai dizal.

Wannan aiki mai haƙuri zai iya yin sa a gida in injin mai silinda 4 ne kuma manifol ɗin yana fili. Ga yadda ake yi.

Na farko, bari injin ya huce sarai, sannan ka cire kan batir na negatif. Ɗauki hoto da wayarka kafin ka taɓa komai, ka sa wa kowane tiyo da soket alama. In sai an cire bututun mai, to tun kafin ka taɓa batir ka zare fis ɗin famfon mai, ka ta da mota har ta mutu da kanta. Ban da sigari, ban da wuta a kusa.

Na biyu, cire bututun iska da totur, ka kwance notina, ka zuba su a gwangwani, ka ƙirga su.

Na uku, don Allah a saurare ni a nan. Da zarar manifol ya fita, ramukan kan injin suna buɗe. Toshe kowane rami da tsumma mai tsabta nan take. Ina yaron gareji na taɓa sakaci, ƙaramin wasa ya faɗa rami ban gani ba. Da aka ta da mota sai ƙara. Fistin da bawul suka tafi, aikin yini ɗaya ya koma sauke injin. Maigidana bai doke ni ba, amma kallon da ya yi mini har yau ina tuna shi.

Na huɗu, wanki. Cire sensa ka ajiye gefe. Fesa ruwan wanke kabureta na gwangwani, ka bar shi ya jiƙa, ka goge da burushi, ka maimaita har hanya ta fito. In manifol ɗin na roba ne, kamar yadda yake a yawancin motocin yanzu, yi amfani da ruwan ɗumi da sabulu da burushi mai laushi. Masu ƙona shi da wuta su daina: na roba narkewa zai yi, na alminiyam kuwa yana iya lanƙwashewa. Bar shi ya bushe ƙayau, domin ruwa in ya shiga silinda ɓarna ce babba.

Na biyar, mayarwa. Ƙirga tsummokaran da ka cire, su yi daidai da waɗanda ka sa. Sayi sabon gaskit, kada ka ce tsohon zai yi. In iska tana sata ta gefe, rawar silo sai ta fi ta da. Ɗaure notina daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan-kaɗan, zagaye biyu ko uku, ba da ƙarfin tuwo ba.

In ka buɗe bonet ka ga manifol ya shige can baya, ko ruwan lagireto yana bi ta cikinsa, to kawo wa masu sana'a, ba abin kunya ba ne. Sannan a riƙa canja filtar iska da baƙin mai a kan lokaci, musamman da hunturu.

Mai tambaya ya same ni bayan taro. Allah ya tsare mu a hanya, ya sa albarka a nema.