Bayan Sulhu, Sai Gona da Aji



A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari, ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, ya buɗe kasuwar shanun da ta yi shekaru a rufe, manoma suka fara komawa gona. Mun yi hamdala, domin ba mu manta da ɗaliban Kuriga da aka kwashe a watan Maris na shekarar ba.

Sai dai ajiye makami somin-taɓi ne. Yaron da aka rufe makarantar ƙauyensu yana ƙarami, yau saurayi ne. Bai iya karanta umarnin da ke jikin maganin feshi ba, balle ya cike takardar neman rance ko aiki. Muddin yana zaman banza, daji bai daina kiransa ba.

Maganin ba baƙonmu ba ne. A Kamfanin Gaskiya, nan kusa da mu a Tudun Jukun, aka buga littattafan Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, magidanta suka koyi karatu da furfurarsu.

Don haka muna roƙon gwamnati ta tsare hanyar gona da ta makaranta. Ta buɗe azuzuwan manya da yamma a makarantun firamare, ta biya malamansu alawus a kan kari. Ta kuma haɗa karatun da koyon sana'a da shawarwarin malaman gona na Samaru.

Mu dai allo da alli suna hannunmu, umarni muke jira. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.