Ƙwarin da Ke Cin Zabuwa a Tukwanenmu

(Jawabin da aka gabatar a taron wata na ƙungiya, Sabo, Ibadan)

  

Maganar yau a kan zabuwa ce, wadda 'yan boko ke kira alobera, wasu a gida su ce kabar giwa. Maƙwabtanmu Yarabawa suna ce mata ahon erin, wato harshen giwa; kun ga mu da su duk giwa muka hango. Da wuya ka shiga gida a nan Sabo ba ka ga ganta cikin tsohon bokiti ko gwangwanin fenti ba. Mata na shafa ruwanta a ƙuna da ƙuraje da gashi, wasu har sha suke yi. Wannan shi ya sa maganar ƙwarinta ta wuce maganar ado, domin abin da ka zuba mata, jikin iyalinka zai koma.

Babban abokin gabarta shi ne wani farin ƙwaro mai kama da ɓurɓushin auduga. Ba ya tashi, da ƙyar ma yake motsi. Can cikin gindin ganye yake laɓewa, inda ganye ya haɗu da ɗan'uwansa, ya kafa baki yana tsotse ruwan shukar. Mace ɗaya takan zuba ƙwai ɗaruruwa cikin wannan farin abu, su ƙyanƙyashe cikin kwana 7 zuwa 10. Kashin da yake yi zaƙi gare shi kamar darɓar da muka sani a ganyen dawa, shi ne ke jawo kiyashi, daga baya kuma ya yi baƙin fumfuna kamar kunkunniya. To jama'a, duk wanda ya ga kiyashi na hawa da sauka a tukunyarsa, ya buɗa ganye ya leƙa. Kiyashin nan kiwon ƙwaron yake yi kamar yadda Bafillatani ke kiwon saniya don nono: yana tsaronsa, yana ɗaukarsa daga wannan tukunya zuwa waccan.

Kada mu raina shi don ƙanƙanta. Wani ɗan'uwansa ne ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka a farkon shekarun 1970, ya nemi ya ƙarar da rogo a ƙasashe da dama. A nan garin, a cibiyar binciken noma ta IITA da ke kan hanyar Oyo, aka yi aikin maganinsa. Masana ƙarƙashin wani Bature ɗan ƙasar Suwizalan, Hans Herren, suka kawo wani ɗan mitsitsin zanzaro daga Kudancin Amurka wanda ke zuba ƙwansa cikin jikin ƙwaron, aka fara sakinsa a Nijeriya a 1981. Rogo ya farfaɗo ba tare da an yi ta feshin guba ba, shi kuma Baturen aka ba shi babbar kyautar abinci ta duniya a 1995. Garin rogon da muke saye a kasuwa yau, da hannun wannan zanzaro a ciki.

Mu namu aikin bai kai nan ba. Da farko a ware tukunyar da ta kamu, a kai ta nesa da sauran. A sayi sifirit a kemis, a naɗa auduga a tsinke, a tsoma, a bi ƙwarin ɗaya bayan ɗaya ana dangwala musu. Sifirit na narkar da farin kakin da ya rufe su, nan take su mutu. Idan sun yi yawa, a narka sabulun salo kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya cikin ruwa lita ɗaya, a fesa har cikin lunguna. Ban da omo, don Allah, yana ƙone ganye. Wanda ya sami 'ya'yan dogon yaro, ya ɓare, ya daka kamar giram 50, ya jiƙa a lita ɗaya ya kwana, ya tace da ƙyalle, ya haɗa da ɗan sabulun. Direbobinmu masu zuwa Arewa ba za su ƙi kawo mana mudu guda ba. A yi feshin da yamma bayan la'asar, don idan rana ta bugi jiƙaƙƙen ganye takan bar masa tabo. Abin da ke kayar da mutane shi ne su yi sau ɗaya su ce an gama. Ƙwan yana nan. Sai an maimaita duk bayan kwana 7, sau uku ko huɗu.

Akwai wani mai ɓawo, ruwan ƙasa-ƙasa, manne a ganye kamar ƙaramin ƙurji. Shi wannan a kankare shi da farce ko tsohon burushin haƙori, a goge wurin da sifirit. Shi ke nan.

Idan kuwa ganye na yamushewa alhali ba a ga komai a sama ba, a zazzage tukunyar. Farin ƙwaron nan yana da irin da ke zama a saiwa. A wanke saiwar tas, a zubar da tsohuwar ƙasar, a bar shukar a inuwa kwana biyu ta sha iska, sannan a dasa cikin sabuwar ƙasa da aka cakuɗa da yashi rabi da rabi. A huda gindin bokitin. Zabuwa 'yar ƙasar fari ce, ruwanta na cikin ganyenta, nan kuwa ruwan sama daga Afirilu har Oktoba yake zuba. Da damina a jawo ta ƙarƙashin baranda, kada a ba ta ruwa sai ƙasar ta bushe ƙurmus. Ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan da ke tashi idan an taɓa tukunya, shaidar danshi ya yi yawa ne. Ƙasa na bushewa za su ragu. Wadda tsakiyarta ta riga ta ruɓe, a cire lafiyayyun 'ya'yan da ke gefenta a dasa, uwar a ƙone ta.

Saura maganar da ta fi damunmu. Mu 'yan kasuwa mun saba, da an ga ƙwaro sai a ɗauko Sniper ko ota-fiya-fiya, dattawan 'yan goro kuma ba su manta Gamalin ba. Waɗannan guba ne masu kisa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper a kasuwanni da kantuna, sinadarin Gamalin kuwa yarjejeniyar ƙasashen duniya ta sa shi cikin haramtattu tun 2009. Ganyen da uwa za ta yanka ta shafa wa yaro a ƙuna, yaya za a yi masa wanka da irin wannan? Ko wanda aka fesa wa dogon yaro da sabulu, a dakata mako guda, a wanke shi sosai kafin a yanka. Ruwan ɗorawan nan mai ɗaci da ke fita daga ɓawon kuma zawo yake sawa, mai juna biyu kada ta sha.

Wanda ya sayo sabuwar shuka a wajen masu fulawa na bakin titi, ya ajiye ta gefe mako biyu kafin ya haɗa ta da nasa. Masu son 'ya'yan dogon yaro su ba magatakarda sunayensu bayan addu'a.