Mutum Goma Da Akwatin Masunta

Yau za mu tuna da waɗansu mutane na ƙasar Amurka, mu ba su girman da ya kamace su. Ba sarakuna ba ne, ba kuwa attajirai ba. Ma'aikatan reluwe ne, masu jiran albashin ƙarshen wata.

Garinsu sunansa Roanoke, cikin jihar Birjiniya. A shekarar 1930 mutanensa ba su cika 70,000 ba. Akwai kogi da ya ratsa garin, shi ma Roanoke ake ce masa.

A shekarar 1909 wani yaro ɗan shekara 9, mai suna Julian Wise, yana bakin kogin nan sai kwale-kwale ya kife da mutum biyu. Jama'a suka taru a gaɓa, ana ta ihu. Waɗansu suka riƙa jefa musu rassan itace ko su kama. Ina! Ruwa ya cinye su duka biyu, yaron yana kallo.

To, mu lura da mutanen nan na gaɓa. Ba mugaye ba ne. Kowa a cikinsu yana so a ceci bayin Allah. Amma babu igiya, babu jirgi kusa, babu wanda aka koya wa yadda ake fid da mutum daga ruwa. Mu da muka san cikar kogi da damina, mun san irin tsayuwar nan, ta mai gani ba shi da abin yi.

Yaron ya girma, ya sami aikin akawu a kamfanin jirgin ƙasa na Norfolk and Western, amma abin bai fita daga ransa ba. Ran 25 ga watan Mayu, 1928, watau bayan shekara 19, ya tara abokan aikinsa tara, suka kafa ƙungiyar ceton rai da taimakon gaggawa ta Roanoke. Ita ake lissafawa ta fari cikin irin waɗannan ƙungiyoyi na 'yan sa kai a Amurka. Ba wanda ke biyansu ko kwabo.

Kayan aikinsu na fari sai ku yi dariya. Magungunansu duka cikin ɗan akwati suke, irin wanda masunta ke ajiye ƙugiya. Ba su da motar ɗaukar marasa lafiya. In hatsari ya auku, sai a buga tarho ofishin reluwe, a sanar da su, su ajiye alƙalami su ruga. Sauran lokacinsu kuwa suna koyon iyo, da tsai da jini, da ɗaurin karaya, da yadda ake komo da numfashin wanda ya sha ruwa.

A shekararsu ta fari sau shida kaɗai aka kira su. Sau shida cikin wata goma sha biyu! Nan ne muka fi ganin ƙoƙarinsu, gama da wuya mutum ya yi ta shiri ba wanda ya neme shi. Mutanen gari ba su san amfaninsu ba tukuna.

Sai suka yi dabara. Suka nutsar da mutum-mutumi mai nauyi cikin ruwa, suka kira manyan gari su zo su gani, kana suka shiga suka fito da shi kamar yadda za su yi wa mai rai. Gani ya kori ji. Hukumar gari ta fara taimakonsu da kayan aiki. Wani mai sana'ar shirya jana'iza kuma ya ba su mota. Kada wannan ya ba ku mamaki. A zamanin nan, a garuruwa da yawa na Amurka, motar masu jana'iza ce ke kai wanda ya ji rauni asibiti, don ita ce mai tsawon da mutum zai kwanta ciki.

Labari ya bazu. Garuruwan makwabta suka aiko a koya musu, su ma suka kafa nasu. A 1935 ƙungiyoyin jihar suka haɗa kai wuri guda.

Akwai wani suna kuma da ba za mu bari a baya ba. A lokacin dokar jihar ta raba farare da baƙaƙe, a makaranta, a asibiti, har cikin jirgin ƙasa. A 1941 wani baƙar fata mai suna Alexander Terrell ya tara 'yan'uwansa suka kafa tasu ƙungiyar ceto a garin nan na Roanoke, ana kiranta Hunton. Su ma ba a biyansu. In za a yi yabo, a haɗa da su.

Julian Wise ya yi tsawon rai, har ya ga irin ƙungiyarsa ta yaɗu cikin jihohi masu yawa. Ya rasu a 1985, yana da shekara 85.