Suna da Ƙwaya: Sayen Ƙwaƙwalwar Kwamfuta a Ƙasar Tambuwal



Abin da wannan lacca za ta duba bai wuce tsawon tafin hannu ba. Shi ne ɗan siririn allon nan da ake sokawa cikin kwamfuta, wanda masu gyara ke kira RAM, watau ƙwaƙwalwar da na'ura ke riƙe aiki a cikinta muddin tana kunne. Iri biyu ake samu a kasuwa: mai ɗauke da sanannen suna, kamar Kingston ko Corsair, da kuma marar suna, wanda ya fi araha. To, me ake saye da wannan bambancin kuɗi?

Baƙaƙen ƙwayoyin da ke jere a kan allon su ne ainihin ƙwaƙwalwar. Kamfanin Intel ne ya fara cin kasuwarsu sosai a 1970, amma a yau kamfanoni uku ke ƙera kusan kashi 90 cikin 100 na duk duniya: Samsung da SK Hynix na Koriya ta Kudu, da Micron na Amurka. Kingston, duk da girmansa, sayen ƙwayoyi yake yi ya ɗora a allonsa. Har ila yau, ƙungiyar JEDEC ce ke tsara ƙa'idar da kowa ke bi, kamar DDR4 a 2012 da DDR5 a 2020. Saboda haka sau da yawa mai suna da marar suna uwa ɗaya ta haife su.

Inda suka rabu shi ne wajen gwaji da lamuni. Babban kamfani yakan gwada allo kafin ya fita, ya kuma yi alkawarin musanya shi in ya lalace. Marar suna kuwa, mai yiwuwa ne ƙwayoyinsa lafiyayyu ne, mai yiwuwa kuma waɗanda suka faɗi gwaji ne, ko an ciro su daga tsohuwar na'ura. Lalatacciyar ƙwaƙwalwa ba kullum take kashe kwamfuta ba. Wani lokaci sai ta sauya lamba ɗaya cikin lissafin albashi ba wanda ya sani, ko ta daskare a gaban ɗalibi tsakiyar jarrabawar JAMB, wadda tun 2015 da kwamfuta ake yin ta.

Sai dai lamuni yana da nisan zango. Shugaban makaranta a Dogon Daji ko akawu a Kebbe ba daga kamfani yake saye ba. Kayan sun bi hannu da hannu, daga Ikeja a Ikko zuwa Kano ko Sakkwato, sa'an nan cikin jakar ɗan kwangila. In allo ya mutu bayan wata uku, wa za a kama? Ga kuma jabu. Mata sun daɗe da sanin cewa hatimin bakin atamfa ba ya hana ta zuba, kuma manna takardar suna a allo ya fi buga hatimin nan sauƙi. Wanda ya biya kuɗin suna ya karɓi jabu ya yi hasara biyu, alhali mai sayen marar suna ya san abin da ya saya.

Don haka ya kamata ma'aikacin da ke rubuta takardar odar kaya ya faɗi iri da girma da sauri, misali DDR4 mai gigabait 8, ya kuma sa sharaɗin cewa ba za a biya ba sai an gwada. Akwai manhaja mai suna MemTest86, ana samun ta kyauta. A sa ta a filashi, a bar na'ura ta kwana tana gwaji, in wuta ta yarda. Kuskure ɗaya tak ya isa a mayar da allon. A rubuta sunan mai sayarwa da wa'adin musanya a kan rasit, domin lamunin mai kanti a Sakkwato ya fi na kamfani a Kalifoniya kusa, da kuɗin mota ana isa gare shi a dawo a yini guda.