Amsoshin Wasiƙunku: Maganin da Ya Ƙona Ganyen Fici

Takardarmu ta yau daga nesa ta fito, daga wani ɗan'uwa mutumin Kura da ke zaune da iyalinsa kusa da birnin Seattle a jihar Washington ta ƙasar Amurka. Ya ce shekara biyu da suka wuce ya dasa itacen fici guda uku a bayan gidansa. Bana da suka yi sabon toho sai ganyen ya kumbura, ya murɗe, ya yi ja. Shi kuwa ya tuna da maganin jan ƙarfe da mahaifinsa ke fesa wa tumatir a Kadawa, ya sayo irinsa ya fesa sau biyu. Cikin mako guda sauran ganyen mai lafiya ya yi huji-huji ya zube. Tambayarsa ita ce, shin jabun magani aka sayar masa? Kuma in zai sare su ya sake dashe, wane iri za mu ba shi shawara ya nema?

To madalla, Malam, mun gode da wannan takarda. Amma bari in fara yi wa sauran masu saurare bayanin itacen. Fici dai ɗan itace ne mai kamar ƙaramin mangwaro, fatarsa da ɗan gashi-gashi, da ƙwallo ɗaya a ciki. Larabawa na ce masa khaukh, alhazanmu sun sha ganinsa a kasuwannin Makka da Madina. Asalinsa daga ƙasar Sin ne, kuma har yau fiye da rabin wanda ake nomawa a duniya can ake noma shi.

Malam, ga dukkan alamu maganinka ba jabu ba ne. Lokacin da ka fesa shi ne bai dace ba. Cutar da ka kwatanta ita ce murɗewar ganye, kuma wata funfuna ce ke kawo ta, masana na kiranta Taphrina deformans. Ƙwayoyinta kan kwana a jikin ɓawo da idon toho duk tsawon hunturu. Da zarar idon ya fara kumbura, in aka samu ruwan sama da sanyi-sanyi, sai su shige cikin jaririn ganye tun bai buɗe ba. Ka ga ke nan ranar da ka ga ganye ya yi ja ya murɗe, ɓarawo ya riga ya shiga ɗaki. Duk feshin da za a yi bayan nan ihu ne bayan hari, ba maganin da zai miƙar da ganyen da ya murɗe. Garinku kuwa gari ne mai yawan yayyafi a farkon shekara, abin da cutar ke so ke nan.

Sai kuma batu na biyu. Ganyen fici ba ya jure jan ƙarfe kamar yadda tumatir ke jurewa. Wannan magani tsoho ne, tun wajen 1885 wani masani Bafaranshe mai suna Millardet ya fito da haɗinsa don inabin yankin Bordeaux, kuma yana aiki ƙwarai. Amma a kan fici, awon da aka rubuta don itacen da ya zubar da ganye, in aka fesa shi a kan ɗanyen ganye sai ya ƙona shi, ya yi ɗigo-ɗigo, ɗigon ya faɗo ya bar huji, daga nan ganyen ya kakkaɓe. Wato garin neman gira aka taɓa ido. Haka ma farar wuta, in aka fesa ta da rana tsaka zafi ya haura digiri 30, ƙuna take yi. Maganin Captan kuma ba a haɗa shi da man feshi, ba a ma fesa su kusa da juna.

To yaushe ake feshin? Lokacin da itacen ke barci. A wajenku, sau ɗaya bayan ganye ya gama zuba, wajen watan Nuwamba, sannan a sake a ƙarshen Janairu ko cikin Fabrairu kafin idon toho ya kumbura. A jiƙa kowane reshe sosai har ya riƙa ɗiga. Kuma don Allah, kafin ka buɗe kwalba ka karanta takardar jikinta, ka tabbata akwai sunan fici a ciki, ka bi awon da aka rubuta.

Kada ka yi gaggawar ɗaukar gatari. Itacen da ya zubar da ganye sau ɗaya yakan sake sabon toho idan gari ya yi ɗumi, kuma wannan toho na biyu yawanci lafiya lau yake fitowa. Abin da za ka yi bana shi ne ka rage masa nauyi. Tun da ƙanana ne, ka tsinke 'ya'yan gaba ɗaya, ko ka bar kaɗan, tsakanin wannan da wancan kamar taƙi guda. Ka ba shi ruwa in rani ya yi, da ɗan taki ba mai yawa ba. Abin da ke kashe itacen shi ne a bar shi yana zubar da ganye shekara bayan shekara.

Yanzu sai batun iri, kuma a ganina nan ne gishirin maganar. Mai lambun gida ba shi da lokaci ko kayan aikin babban manomi, don haka maganinsa na farko shi ne irin da ya zaɓa ranar dashe. Tun ran gini ran zane. Akwai irin da aka san su da jure wannan cuta, kamar Frost, da Avalon Pride, da Indian Free, da Muir, da Q-1-8. Frost da Avalon Pride ma a jiharku aka gano su, ka ga 'yan gida ne. Sai dai Frost yakan kamu a shekaru biyu ko uku na farko, sai an taimaka masa da feshi kafin ya yi ƙwari. Indian Free kuma yana bukatar wani iri kusa da shi kafin ya yi 'ya'ya, alhali yawancin fici itace ɗaya ma ya isa. Redhaven, wanda Stanley Johnston ya fitar a jihar Michigan a 1940, yana da ɗan juriya. Redskin da danginsa kuwa saurin kamuwa gare su. Shawarata, ka bar ukun nan ka yi musu feshin hunturu, ka ƙara ɗaya mai juriya a gefensu, bayan shekara uku ka ga wanda ya cancanci wurinsa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata ka sani kafin 'ya'ya su fara nuna, wato cutar ruɓewar 'ya'ya mai ruwan ƙasa. A nan matsalar ta juya, funfunar ce ke sabawa da magani. Cikin shekarun 1970 manoma sun dogara da wani magani mai suna Benomyl, suka yi ta fesa shi shi kaɗai, ba a daɗe ba ya daina kashe ta a gonaki da yawa. Saboda haka kada ka nace wa magani ɗaya, ka riƙa sauyawa da wanda aikinsa ya bambanta. Ka kuma tsince busassun 'ya'yan da suka maƙale a reshe ka fitar da su daga lambun, don a cikinsu cutar ke kwana.

Na san wasu a nan gida za su ce, to mu fa? Fici sai ya sha sanyi yake fure. Yawancin irinsa na bukatar awa 600 zuwa 1,000 na sanyin da bai wuce digiri 7 ba, abin da hunturun Kano ko Maraɗi ba ya bayarwa. Jami'ar Florida ta fitar da irin su Flordaprince da Tropic Beauty masu bukatar wajen awa 150 kacal. Mai sha'awar gwadawa a tudu mai sanyi kamar Jos ko Mambila, irin waɗannan zai nema, kuma ya fara da ɗaya ko biyu kafin ya zuba kuɗinsa. Darasin feshin kuwa namu ne duka. Maganin da ya yi wa tumatir daɗi ba lalle ya yi wa wani itace ba, a gwada a reshe ɗaya a jira kwana bakwai tukuna.

Malam, da fatan ka gamsu. Ka sake rubuto mana baɗi mu ji yadda tohon ya fito. A gaida iyali.