Rushewar Zaurukan Hira na Intanet da Ibirar da ke Cikinta

 

An umurce ni da in yi bayani a kan wani al'amari wanda, ko da yake ɗan zamani ne, ya riga ya ga hawa da sauka irin wanda dauloli kan ɗauki ƙarnuka kafin su gani. Ina nufin zaurukan hira na intanet, inda mutanen da ba su taɓa haɗa ido ba kan taru dare da rana suna zance a rubuce, har sabo ya zama zumunci, sa'an nan a wayi gari an garƙame ƙofa, jama'a ta watse.

A shekarar 1988 wani matashi mai suna Jarkko Oikarinen, a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finland, ya ƙago tsarin da ake kira IRC, wanda ƙa'idarsa a buɗe take, duk mai ilmi da na'ura yana iya kafa nasa zauren ba tare da neman izinin kowa ba. Ba a daɗe ba fa'idarsa ta bayyana, domin a watan Agusta na 1991, sa'ad da aka yi yunƙurin juyin mulki a Tarayyar Sobiyet aka taƙaita kafofin labarai, ta wannan hanya wasu suka riƙa sanar da duniya halin da ake ciki. Daga baya kamfanoni suka shigo da nasu: ICQ a 1996, AIM a 1997, Yahoo Messenger a 1998, MSN Messenger a 1999. Kowannensu ya tara miliyoyin mutane, kowannensu kuma mai shi ya rufe shi da hannunsa: MSN a 2013 a galibin ƙasashe, AIM a 2017, Yahoo Messenger a 2018, ICQ a 2024. Mu ma nan ba baƙin wannan labari ba ne, gama da yawa daga cikinku sun yi zamanin 2go, manhajar nan ta Afirka ta Kudu da samarinmu suka yi tururuwa a kanta da ƙananan wayoyi, kafin WhatsApp ya kwashe mata jama'a.

Sabubban wannan zawali suna da yawa. Akwai sauyin na'ura daga kwamfuta zuwa wayar hannu. Akwai lissafin riba, wanda idan ya karkata ba ya duban shekarun da mutane suka yi tare. Akwai kuma fitinar cikin gida, ta zage-zage da tallace-tallacen banza da gajiyar masu tsawatarwa, waɗanda yawanci aikin sa-kai suke yi. Amma na fi son mu tsaya a kan wata ƙissa guda, domin hukuncin da nake son cirowa yana cikinta ƙarara.

A da, Freenode ita ce matattarar masu rubuta manhajojin kyauta a kan IRC, kuma 'yan sa-kai ne suka yi ta hidimarta shekara da shekaru. A watan Mayu na 2021 saɓani ya tashi tsakaninsu da wani attajiri, Andrew Lee, a kan wanda ke da ikon tasarrufi da ita. Da suka ga abin ya fi ƙarfin sulhu, sai suka ajiye aiki, suka kafa wata sabuwa mai suna Libera Chat, kuma cikin 'yan makonni manyan jama'u irin su Wikimedia da Ubuntu suka bi su. Sunan Freenode da adireshinta suka zauna a hannun mai su, amma mutane suka tafi da abin da ya sa sunan yake da daraja tun farko, wato amana da sanin juna. Ga wanda ya karanta Muƙaddimar Ibn Khaldun, wanda ya bayyana cewa asabiyya, wato haɗin kai da zumunci, ita ce ginshiƙin kowace jama'a, wannan ba abin mamaki ba ne. Abin lura shi ne dalilin da ya sa waɗannan suka iya hijira, mutanen AIM kuwa ba su iya ba: na farko sun san ƙa'idar ginin, suna iya sake shi a wani wuri, na biyu kuwa 'yan haya ne a gidan da ko mabuɗinsa ba su taɓa riƙewa ba.

Saboda haka ibirar a fili take. Duk jama'ar da ta taru a kan ilmi ko sana'a ko zumunci, wajibi ne ta tambayi kanta tun ana zaman lafiya: wa ke da ikon rufe wannan zaure, ina aka taskace abin da muka rubuta, kuma ta wace hanya za mu sami juna idan ya rufe gobe? Makarantunmu da ƙungiyoyinmu, waɗanda a yau suka zuba karatu da fatawa da shawarwarinsu a zaurukan kamfanonin waje, su suka fi kowa bukatar amsa, kuma aikin ba mai wuya ba ne: a kwafe abin da ke da amfani a adana shi a wurin da aka mallaka, a san mutane da sunayensu na gaskiya, a kuma girmama masu hidima kafin su gaji.

Allah Ya sa mu amfana da abin da muka ji.